Ƙafafun da Suka Shigo ta Waya

Fata uku ce ta rage a jikin ƙusar shagon Baba ranar da ya faɗi maganar. Bai ɗaga murya ba, ko basillar da ke hannunsa bai ajiye ba. Ya dai nuna ƙusar da haɓa, ya ce duk ranar da ta ukun ta ƙare ba zai sayi wata ba. Zai share shago, ya sa kwaɗo, ya koma gida ya zauna kusa da rediyonsa.

Shekara talatin da takwas yana ɗinka takalma a wannan ɗan shagon, kuma a da layin nasu ba ya rabo da mutane. Sai aka gina gadar sama. Yanzu duk jama'ar da ke bi ta ƙofarsa ta saman kansa take wucewa a mota, shi kuwa yana ƙasa yana jin rugugin tayoyi.

"Ba ƙarfina ne ya ƙare ba," in ji shi. "Ƙafafu ne suka daina zuwa. Mai takalmi kuwa in ba ƙafa, zaman me yake?"

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana zaune a kan benci da kwamfuta a cinya. Satinta biyu ke nan da gama koyon tsara shafukan intanet, kanta cike da abubuwan da babu wanda ya tambaye ta tukuna. A shagon nan ta yi rarrafe, warin gam da fata shi ne ƙamshin ƙuruciyarta, kuma ta san mahaifinta sarai. In ya zauna gida wata uku, tsufa zai hau shi gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da take tsoro, ba wani abu ba.

"Baba, ka ba ni zuwa ƙarewar fatar," ta ce. "Zan buɗe maka shago a intanet. In ƙafafu ba sa zuwa ta titi, za su zo ta waya."

Tela, maƙwabcin shagon kuma abokin tsokanar Baba tun suna samari, ya leƙo da tef a wuya. Kunnensa ba ya barin magana ta wuce shi.

"Yarda za ka yi, tsoho! Injiniya ta yi magana. Kai da ko saƙo ba ka iya buɗewa sai ka kira ni."

Baba ya harare shi, sannan ya juya ga 'yarsa. "To, na ji. Amma da sharaɗi. Ke da na'urarki, ni da wuƙata. Ba na sa miki baki, ba kya sa min."

Auta ta amsa tun kafin ya rufe baki. Da ta san abin da sharaɗin nan zai jawo mata, da ta ɗan tsaya ta yi tunani.

Washegari tun shago bai gama buɗewa ba ta aro farin yadi a wurin Tela, ta shimfiɗa a bakin ƙofa inda hasken safiya ke faɗowa. Fata ta farko a nan ta tafi: Baba ya ɗinka samfuri huɗu, sau-ciki biyu da masu maɗauri biyu, don a samu abin ɗauka a hoto. Auta ta durƙusa, ta kwanta rub da ciki, ta hau benci, duk don takalmi ɗaya. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna kallon yarinyar da ke lallashin takalmi kamar jariri.

Launin shafin daga jikin fatar ta ɗauko shi, ja mai duhu da ruwan ƙasa. Ta sa hoton hannun Baba babba a sama, da jijiyoyinsa da tabon wuƙa a babban yatsa. Madannin saye kuwa sau tara tana sauya masa wuri, har ta kai in ta rufe ido shi take gani. Kowane abu ya zauna daidai sai ta buga tafi ita kaɗai, Baba ya ɗago ya dube ta, ya girgiza kai, ya ci gaba da shafa gam da wani tsohon katin roba, irin wanda ake ɓalle layin waya daga jikinsa. Shekaru yana amfani da katin nan, har gefensa ya yi baƙi.

Ran kwana na shida ta juyo masa da kwamfutar, bakinta har kunne.

"Duba, Baba. Mutum ya zaɓi takalmi, ya zaɓi launi, sai ya zo nan ya zaɓi lambarsa. Talatin da tara, arba'in, arba'in da ɗaya..."

"Lambar me?"

"Lambar ƙafa mana."

Baba ya ajiye katin gam. "Ƙafa mota ce da za ta yi lamba?"

Ya sunkuya ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin teburi. Auta ta san akwatin, tana ƙarama ta sha zama a kansa, amma ba ta taɓa damuwa da abin da ke ciki ba. Kwalaye ne cike, ɗaruruwa, kowanne da zanen tafin ƙafa da fensir. A gefen kowane zane akwai rubutun Baba: wannan ɗan yatsansa ya hau kan ɗan'uwansa, wannan ta hagu ta fi ta dama, wannan yana taka gefe, wannan ƙafarta na kumbura da yamma. Tunda yake bai taɓa ɗinka wa mutum takalmi da lamba ba. Sai ka tsaya a kan kwali, ya zagaye ƙafarka da fensir, ya dubi zanen, sannan ya ɗauki wuƙa.

"Ƙafar da ban gani ba, ba na yanka mata fata," ya ce. "Ki gaya wa na'urar taki haka."

Ran Auta ya ɓaci, ba ƙarya. Kwana shida tana aiki, ga shi tsoho ya rushe mata shi da jimla ɗaya. Ta zauna tana jujjuya kwalayen don kada ta yi maganar da za ta yi da-na-sani. Tana cikin jujjuyawa ta ci karo da wata 'yar mitsitsiyar ƙafa, an rubuta a gefe: Auta, shekara biyu, ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta yi dariya ba ta shirya ba. Kafin dariyar ta ƙare abin ya faɗo mata, ta miƙe zumbur har kwalaye suka zube.

"Baba! Ai wannan ne kayan sayarwar! Takalmi mai lamba ko'ina akwai shi. Wa ke duba ƙafar mutum? Kai kaɗai!"

A ranar ta goge jerin lambobin nan kaf. A madadinsu ta tsara matakai uku da manyan haruffa: ka tsaya a kan farar takarda, wani ya zagaye maka ƙafa da fensir, ka ɗauki hoton zanen ka turo. A ƙasa ta bar fili ta rubuta, "Gaya wa Baba abin da ke damun ƙafarka." Don mutane su ga yadda ake yi, ta ɗauki ɗan bidiyon Baba yana zana ƙafar Tela. Sau biyar ana sakewa, saboda da fensir ya taɓa tafin ƙafarsa sai Tela ya daka tsalle yana ihu.

"Ka tsaya mana, ƙaton banza!"

"To ai kai ne kake min cakulkuli da gangan! Injiniya, kar ki sa fuskata, ina da mutunci a gari."

Ba ta sa fuskarsa ba, amma ta bar ihun. Shi ne ma abin da ya fi jawo mutane, don bidiyon ya yi ta yawo daga waya zuwa waya.

Ranar Litinin da hantsi ta saki shafin. Ta sa wa wayarta wata ƙara ta musamman, irin ta ƙararrawar keke, wadda za ta buga in oda ta shigo. Daga nan ta ajiye wayar a kan benci ta zauna gadinta. Awa ɗaya, shiru. Awa uku, shiru. Ta duba ko intanet ne ya yanke, ta tura wa kanta odar gwaji, ƙararrawa ta buga, Tela ya rugo da almakashi a hannu, ta ce masa gwaji ne, ya koma yana mita.

Sai da rana ta karkata, tana shirin tattara kaya, ƙararrawar ta buga da kanta.

Auta ta kalli wayar, ta kalli Baba, ta sake kallon wayar. Sai ta ƙwalla ƙarar da ta sa mai gyaran babur na tsallaken titi ya yar da sifana.

"Oda! Baba, oda! Mutum na gaske! Ga ƙafarsa!"

Ta yi tsalle, ta rungume kwamfuta, ta rungume Tela da tef ɗinsa, ta fita ƙofar shago ta dawo ba ta san abin da ta fita yi ba. Baba ya goge hannu a jikin rigar aikinsa, ya sa tabarau, ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon zanen. Auta ta ga gefen bakinsa yana motsi.

Kafin Juma'a oda huɗu suka shigo. Wata malamar makaranta, wani mai gadi da ke yini a tsaye, wata ma'aikaciyar jinya, da wani direban babbar mota. Direban ne ya fi kowa cika filin rubutu. Ya ce shi tunda ya girma takalmi bai taɓa yi masa daidai ba, ƙafarsa faɗi gare ta, kullum sai ya sayi wanda ya fi shi tsawo ya cusa tsumma a gaba, kuma in Baba ya iya masa, zai yi masa talla a duk tashar da ya tsaya.

Auta ta kwashi hotunan ta ruga shagon mai buga takardu, aka fitar mata da kowanne a kan takarda. Ta dawo tana haki ta baje su a gaban Baba. Ya jera su, ya gyara tabarau, ya ɗora tafin hannunsa a kan na direban.

"Auta, mutanen cikin wayar nan duk ƙananan ƙafa gare su?"

"Haka suka turo, Baba."

"Wannan ƙirar ƙafar babban mutum ce. Dubi dunduniya, dubi yadda yatsu suka baje. Amma tsawonta bai fi na budurwa ba."

"To ai akwai gajerun mutane a duniya. Na'ura ba ta ƙarya, abin da aka ba ta shi take fitarwa." Tana magana tana duba wayarta, don wasu mutum biyu suna tambayar launi. "Ka tuna sharaɗinmu fa. Ni da na'urata, kai da wuƙarka."

Baba ya dube ta ta saman tabarau. Mutum ne mai riƙe magana, ko da maganar za ta cije shi. Ya sauko da fata ta biyu, ya shimfiɗa, ya ɗora takardun, ya fara yanka.

Takalman sun yi kyau, wannan kam ba musu. Auta ta naɗe kowanne a takarda mai laushi, ta sa a kwali, ta kai wa masu kai saƙo da kanta. Kwana uku tana tafiya kamar ƙasa ba ta ɗaukarta. Har ta fara tsara shafi na biyu, inda za a riƙa sa yabon masu saye.

Yabon farko da ya iso hoto ne daga direba. Ga takalmin Baba a ƙasa, sabo fil, yana sheƙi. Ga wata ƙatuwar ƙafa a bakinsa, yatsu uku sun shiga, sauran suna waje suna jiran layi. A ƙasa ya turo saƙon murya, yana magana yana dariya: "Ranka ya daɗe, aiki ya yi kyau wallahi, sai dai ban san da jaririna za a ɗinka wa ba."

Kafin Auta ta gama saurare, na malamar makaranta ya shigo. Ita ba dariya a nata. Sai na mai gadi. Sai na ma'aikaciyar jinya, layi ɗaya tak, tana tambaya ko wasa ake da mutane.

Auta ta buɗe hotunan asali, ta ɗauko takardun da aka buga, ta jera su gefe da gefe. Nan take ta gani, kuma ganin ya fi rashin ganin ciwo. Kowa a tsaye ya ɗauki hotonsa, daga sama, har da tayil ɗin ɗaki da gefen tabarma a ciki. Ita kuma ta sa an matse hoton gaba ɗayansa ya shiga takarda guda. Ƙafar ta ƙanƙance tare da tayil da tabarma. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, ita ce ba ta tambaye ta girman komai ba. Ga shi Baba ya faɗa mata da bakinsa, ta toshe shi da sharaɗi.

Ta ɗaga kai ta kalli ƙusa. Fata ɗaya ke lilo.

Kuka ya zo mata ba sallama. "Baba, ka yafe min. Na ɓata maka fata, na ɓata maka suna. Shekara talatin da takwas ba a taɓa dawo maka da takalmi ba, ni a sati biyu na sa za a dawo da huɗu."

Ko Tela da ya leƙo bai samu abin tsokana ba, ya koma a hankali. Baba kuwa kamar bai ji ta ba. Wayar ce a hannunsa, yana kallon hoton direba.

"Ƙara min girman wannan."

Ta share hawaye ta buɗa masa hoton da yatsu biyu.

"Kin gani? Ga ƙashin nan da ya fito a gefe. Ga kanta a nan, wurin da yake taka birki. Wannan ƙafa ce mai ban sha'awa." Muryarsa ta sauya, ta koma irin ta da, lokacin da mutane ke layi a kan bencin nan. "Zanen da suka turo ba shi da laifi, Auta, ƙirar duk tana nan. Girman ne ya ɓace a hanya. Abin da nake so, wani abu a gefen zanen wanda na san girmansa. In na ga abin, na san ƙafar. Me kowa ke da shi, kuma na kowa girmansa ɗaya?"

"Tef!" in ji Tela daga bayan bango.

"Kai kaɗai ke yawo da tef a wuya kamar akuya da igiya. Yi mana shiru."

Baba yana magana yana buga katin gam ɗinsa a kan teburi. Auta ta bi katin da ido. Ta jawo jakarta, ta zaro katin shaidarta, ta karɓe na hannun Baba, ta haɗa su. Ko gashi ɗaya babu tsakaninsu. Ta zaro katin makarantar da ta gama, shi ma haka. Ta ruga ta ƙwace lasin mai gyaran babur daga aljihunsa yana tambayar lafiya, shi ma haka.

"Kati! Baba, kati! Duk girmansu ɗaya, kuma babu aljihun da babu shi!"

Hawayen bai gama bushewa ba ta koma kan kwamfuta. Kwana biyu ta yi tana gini. Ta ƙara mataki na huɗu: ka ajiye kati a gefen zanen, kowane iri, ka rufe rubutunsa da 'yar takarda, gefunansa kawai muke son gani, kuma ka riƙe waya a miƙe a saman takardar. Ta haɗa wani ɗan tsari da zai buɗa hoton har sai katin ciki ya kai girman kati na gaske. Amma hukuncin ƙarshe ba ta bar wa na'ura ba. In an buga takarda, Baba zai ɗora katin gam ɗinsa a kan hoton katin. In ya rufe shi cif, a yanka. In ko ya ɗan leƙo, a sake bugawa. Sharaɗin nan na kowa da nasa, ranar suka binne shi ba tare da wani ya ambata ba.

Ta kira mutum huɗun ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri. Suka sake turo zane, da kati a gefe. Da aka buga na direba, ƙafar ta cika takarda har dunduniya na neman faɗowa. Baba ya ɗora katinsa, ya rufe cif. Tela ya yi kabbara.

Sai dai murnar Auta ba ta yi nisa ba, don ta iya lissafin fata. Guda ɗaya takalmi huɗu take fitarwa a hannun Baba. Ga kuma sababbin mutum uku suna jira.

"Baba," ta ce a hankali, "ko mu yi wa biyu yanzu, sauran su ɗan jira, mu karɓi sababbi..."

"Sunana ne a ƙafar mutanen nan huɗu. Su za a fara yi wa."

"Amma in ka yi musu, fatar ta ƙare."

"Ta ƙare ɗin."

Ya miƙa hannu ya sauko da ita. Auta ta kalli ƙusar, tsirara a jikin bango. Ita da ta zo tsawaita kwanakin shagon, ita ce ta gajarta su.

Ranar Talata aka gama. Baba ya share shago, ya jera wuƙaƙe a cikin tsumma, ya naɗe, ya sa kwaɗo. Cikin ƙananan takalman da aka dawo da su ya zaɓi na direba ya miƙa mata. Ta zura ƙafa, ya zauna mata kamar don ita aka yi.

"Ki riƙa sawa," ya ce. "Faɗin ƙafata kika ɗauko, ga shi ya yi miki rana."

Kwana huɗu Baba yana gida kusa da rediyo. Yakan tashi da wuri kamar kullum, ya sa hula, sai ya tuna, ya cire. Auta ta kasa kallonsa, ta kuma kasa rufe shafin. Sau biyu tana kai yatsa kan madannin tana janyewa.

Ran na biyar ƙararrawar keke ta buga tana wanke-wanke. Kafin ta goge hannu ta sake bugawa. Ta sake. Ta sake. Ta ɗauka wayar ce ta lalace. Saƙon direba ne ya fara fitowa, bidiyo: ga ƙafafunsa cikin takalmin Baba yana zagaya babbar motarsa, yana taku ɗai-ɗai, abokansa na masa shewa. Wannan karon ba dariya a muryarsa. Ya ce shekararsa hamsin da biyu, yau ne ya fara sanin cewa takalmi ba dole ne ya yi ciwo ba. A bayan saƙon ga zane goma sha ɗaya na abokansa direbobi, kowanne da lasin tuƙi a gefe an rufe shi da 'yar takarda. Na goma sha biyu daban yake: wata 'yar ƙafa a karkace, babban yatsa ya kwanta a kan na kusa da shi, gaɓar ta kumbura. Direba ya rubuta cewa ta mahaifiyarsa ce, shekara tara rabonta da takalmin da ya wuce silifa, in da hali.

Auta ta so ta ruga ɗakin Baba da ihu. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Ta san shi, in aka tura shi sai ya kafe. Ta sa takalmin direba ta fita, ta bugo duka goma sha biyun da girmansu na gaske, ta dawo ta ajiye su kusa da rediyo, na tsohuwar a sama. Ta koma kan wanke-wankenta, tana leƙensa ta taga.

Ya daɗe bai taɓa su ba. Can ya sa tabarau. Ya zaro katin gam daga aljihun rigarsa, ashe bai bar shi a shago ba, ya ɗora a kan takardar. Sannan ya sa yatsa yana bin zanen ƙafar tsohuwar a hankali, ya tsaya a kan kumburin, ya koma baya, ya sake bi. Har aka kira shi cin abinci idonsa na kan zanen.

Da safe Auta ta tashi ba Baba, ba hula, ba takardu. Ta zura takalmi ta nufi shago da sauri. Tun daga nesa ta hango kwaɗo a ƙofa, yadda aka bar shi. Ta zauna a kan dakalin Tela, shi kuwa yana ta taka keken ɗinkinsa, ya ƙi kallonta, yana wani murmushi da ya ba ta haushi.

"Baba Tela, ba ka ga Baba ba?"

"Ni mai gadinsa ne?"

Sai ga wata 'yar motar kaya ta sauko ta ƙarƙashin gadar, ta tsaya a ƙofar shago. Baba ya fito daga gaba yana gyara hula. A baya fatu ne a naɗe, ja da baƙi da ruwan ƙasa, da wata guda mai laushi ƙwarai da ya riƙo a hannunsa bai yarda an haɗa ta da sauran ba. Auta ta fara ƙirgawa, ta kai tara, idonta ya cika da ruwa ta kasa ci gaba.

Baba ya buɗe kwaɗo, ya shiga, ya tsaya yana duban ƙusar nan guda ɗaya. Ya ɗauko guduma, ya laluba gwangwani ya zaro wata ƙusar, ya kafa ta kusa da ta farko, ya buga mata uku masu kyau.

"Kin tsaya kina kallona," ya ce, bai juyo ba. "Ta tsohuwar nan zan fara yi, fata mai laushi take so. Kunna abin naki mu gani, ƙafafu nawa suka kwana a ciki?"